Hoto Ba Ya Rantsuwa

Valdirene ta zo ranar Talata, ruwa ya ɗauke,
da ƙamshin manja a bakin farin siket ɗinta.
Shekara talatin tana tuyar ƙosai nan Salvador,
inda masunta ke jan kwalekwale bisa yashi.
Na ɗora tafin hannu a mararta,
na ji abu mai tauri kamar kabewa,
ya haura cibiya da yatsu uku.

"Wata bakwai," ta ce, tana dariya,
"haka yaran layinmu ke lissafa mini.
Cikin da ya shekara tara bai san naƙuda ba."

Na ce a cire mahaifar a huta.
Ta girgiza kai tun ban rufe baki ba.
Uwarta da ƙafarta ta shiga ɗakin tiyata,
takalmanta aka miƙo musu a leda.
Ga kuma Edvaldo, ƙanenta da ba ya tashi.
Wa zai juya shi da dare har mako shida?
Mai ɗaki ta san inda yake mata yoyo.
Na mayar da takardar sa hannu cikin aljihun tebur.

Sai muka bi ta zagaye.

Na zura bututu siriri kamar tsinken tsintsiya,
na gutsuro ɗan nama daga shimfiɗar mahaifa.
Ta ciji leɓe, ta kira sunan uwarta sau ɗaya.
Amsa ta dawo: babu komai.
Amma zaure kaɗai na share,
abin yana can cikin katanga.

Jininta ya yi ƙasa, na rubuta mata ƙwaya.
Wata lamba ta ɗan ɗaga kai,
irin wadda ke ɗagawa ko da ba dalili.

Sannan babbar na'ura mai bakin tanda
ta haɗiye ta minti arba'in,
tana lugude kamar mata uku a turmi ɗaya.
Da dare na zauna ni da hotunan.
Ƙari goma sha ɗaya, baƙaƙe, gefensu sumul,
kowane zaune a mazauninsa kamar tukwane a rumfa.
Sai ɗaya, can ta baya,
mai hasken da ban so ba a tsakiyarsa.
Wataƙila girma ya yi har jini ya kasa ciyar da shi,
ya fara narkewa don kansa.
Wataƙila ba haka ba.

"Ciwon daji ne?" ta tambaya, jakarta a cinya.

Na ce: cikin ɗaruruwan mata masu irin naki
da ƙyar ake samun ɗaya.
Ido na ya ce ba ke ba ce.
Amma hoto ba ya rantsuwa,
allura ma ba ta kai ko'ina.
Sai an fito da abu an yanka shi
ake sanin sunansa na gaskiya.

Ta yi shiru har na ji motar shara a titi.
"An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi."
Na ce nawa sanin bai kai nan ba.

Muka yi yarjejeniya irin ta 'yan kasuwa:
bayan wata uku, wani hoton.
In jini ya sauya hali, in ta fara rama,
in al'ada ta ɗauke shi kuma ya ci gaba da girma,
ba jiran rana, ta zo.
Ta ciro zare daga jaka, ta zagaya cikinta,
ta ƙulla inda bakin ya haɗu.
"Nawa awon ke nan," ta ce. "Ke riƙe naki."

Ran Juma'a na bi ta bakin teku.
Tana can, mai yana tafasa, layi har gindin kwakwa.
Ta tsaga mini ƙosai, ta cusa jatan lande da yaji,
ta ƙi karɓar kuɗi.
Ba mu ambaci komai ba.
Na ga zaren ɗaure a hannun ludayinta.